Daga Mujiyar Atina zuwa Dirhamin Malamai

Duk wanda ya zauna gaban malami a wani zaure na Likoro ana karanta littafin Risala ya ji zancen dirhami: mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, nisabin zakkar azurfa kuwa dirhami 200. Da wuya ka samu ɗalibin da ya taɓa riƙe shi a hannu. Asalinsa kuma ba daga Larabawa ba ne.

Kakansa dirakma ce, kuɗin Girkawa. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), birnin Atina ke haƙo azurfa a Lauriyon yana buga tsaba mai darajar dirakma 4, nauyinta kusan giram 17. Fuska ɗaya kan Atena ne, abar bautarsu, sanye da hular yaƙi. Ɗaya fuskar mujiya ce mai ƙwala-ƙwalan idanu da reshen zaitun. Tsuntsuwar da muke gudun kukanta, su alamar hikima suka ɗauke ta! Da guduma ake buga kowace tsaba, shi ya sa wata ta karkace, wata zanen ya zame gefe. Masu tara tsofaffin kuɗi a yau suna neman har masu tabon sara, inda wani ɗan kasuwa ya tsaga don ya tabbatar ba jabu ba ce.

Yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma suka kai dirakma Farisa. Sarakunan can suka mayar da ita siririya, da kan sarki a gaba, wurin bautar wuta a baya. Da irinta Musulmin farko suka yi ciniki, daga baya suka ƙara Bismillah a gefenta. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya kawar da hotuna, a dinari shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami ya biyo ba da jimawa ba. Rubutu ya maye gurbin zane.

A ƙasar Hausa dai wuri ne ya riƙe kasuwa. Azurfar da fatake suka fi kawowa ita ce liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da shekarar 1780. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza ɗaya a kan wuri 2,500. Da yawa daga cikin liyarin nan maƙeran fari sun narkar da su, sun zama zobba da awarwaron mata.