Gasar Harbin Nesa ta Creedmoor, 1874

A cikin shekara ta 1873 maharban ƙasar Ailan suka je Wimbledon, kusa da birnin London, suka kara da na Ingila da na Sikotlan wajen harbin nesa, suka ci garkuwar nan da a ke kira Elcho. Da shugabansu, Manjo Arthur Leech, ya ga ba sauran abokin karawa a gida, sai ya aika da takarda Amurka, aka buga ta cikin jaridar New York Herald a watan Nuwamba. Ya ce in akwai maharba a can, to, su shirya, mutanen Ailan za su ƙetaro teku su same su har gida.

Sharuɗɗan da aka ƙulla masu tsanani ne. Za a yi harbi daga yadi 800, da 900, da 1,000, kowane mutum harsashi 15 a kowane zango. Kada bindiga ta wuce laba 10, ba a ɗora mata madubin hangen nesa, ba a kuma dogara ta bisa wani abu. Har wa yau, dole maharban Amurka su zama haifaffun ƙasar, bindigoginsu kuma ƙirar ƙasar.

To, a nan gizo ya ke saƙa. Amurkawa sun yi suna da bindiga, amma harbin daji ne da na kusa. A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 an ga sojoji da yawa ba su iya auna bara ba, shi ya sa wasu hafsoshi biyu, William Church da George Wingate, suka kafa ƙungiyar koyar da harbi a 1871. Suka sami wata tsohuwar gona a tsibirin Long Island, suka mai da ita filin harbi, aka sa mata suna Creedmoor. Shekara guda ke nan da buɗe filin. Waɗanda suka amsa kiran Leech kuwa wata ƙaramar ƙungiya ce ta masu sha'awar bindiga a New York, 'yan kasuwa da ma'aikata da tsofaffin soja, waɗanda ba su taɓa gasa a yadi 1,000 ba. Ba su ma da bindigar da za su yi ta.

Yadi 1,000 ya fi rabin mil. Harsashin wancan zamani na dalma ne, albarushi ke tura shi, ba ya tafiya miƙe sai ya yi baka kamar kibiya, ya hau sama kāna ya sauko, ya kan kuwa yi wajen sakan uku a hanya. Cikin wannan ɗan lokaci iska kaɗan ta isa ta kau da shi ƙafa da yawa. Saboda haka a kan kakkafa tutoci a gefen fili, maharbi ya dubi yadda su ke kaɗawa ya gyara ma'auninsa. Har ɗan kwalabar ruwa irin ta magina a ke sa wa bindigar, don kada ta karkace a hannu. Abin harbin allon ƙarfe ne, tsayinsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 12, da baƙin murabba'i mai ƙafa 3 a tsakiya. Wanda ya sami baƙin ya ci 4, na kusa da shi 3, na gefe 2.

Mutanen Ailan bindigar Rigby su ke riƙe da ita, wadda a ke ɗura ta ta baki kamar adaka, sai dai ƙirarta ta kai matuƙa wajen kyau. A lokacin nan masana a Turai sun tsaya a kan cewa bindigar da a ke sa wa harsashi ta baya ba za ta kama ƙafar mai ɗurin baki ba in an yi nisa. Amma kamfanoni biyu na Amurka, Remington da Sharps, suka ɗauki aikin, kowanne ya ƙera sabuwar bindiga mai ɗurin baya domin wannan gasa. Da bindigogi suka samu, aka shiga gwaji a Creedmoor duk tsawon bazarar 1874, ana rubuta abin da kowa ya ci, har aka tace mutum shida. Abin sha'awa, maƙeran ba su tsaya a baya ba: Hepburn na Remington da Yale na Sharps suna cikin shidan, John Rigby kuma da kansa yana cikin na Ailan.

Ran 26 ga Satumba, 1874, dubban mutane suka cika filin, rana kuwa ta yi zafi ƙwarai. Wasu daga cikin maharban ba rub da ciki suka yi ba, rigingine suka kwanta, ƙafafu wajen allo, bakin bindiga bisa ƙafa. A yadi 800 Amurka ta ci 326, Ailan 317. A yadi 900 sai Ailan ta ci 312, Amurka 310. Da aka koma yadi 1,000 baƙi suka yi ta cin ratar, har suka gama harbinsu da jimla 931. Amurka tana da 930, saura harsashi guda tak, a hannun Kanar John Bodine.

Ga shi kuwa jim kaɗan kafin nan wata kwalabar lemo ta fashe a hannunsa ta yanke shi. Ya ɗaure hannun da hankici, ya kwanta, ya daɗe yana aunawa, fili ya yi tsit. Da ya ja kunama, aka ji ƙarar dalma bisa ƙarfe, mai nuni ya ɗaga farin faifai, watau ya sami baƙin. Amurka ta tashi da 934.

Nan da nan aka baza labari cewa ɗurin baya ya ka da ɗurin baki. Amma wanda ya dubi lissafin da kyau ba zai yi saurin faɗin haka ba. A zango biyu mafiya nisa Ailan ce a gaba. Bugu da ƙari, ɗaya daga cikin maharbansu, Milner, ya harba ya sami baƙi sosai, ashe allon wani ya auna, ba a rubuta masa kome ba. Da huɗun nan sun shiga, da Ailan ta ci da ɗaya. Abin da gasar ta tabbatar shi ne sabuwar bindigar ta kamo tsohuwar, ga ta kuma da saurin ɗuri.

Mutanen Ailan ba su yi gardama ba, suka gayyaci Amurkawa ramuwa. Aka sake haɗuwa a Dollymount, kusa da Dublin, a 1875, Amurka ta kuma ci, wannan karo da rata mai yawa. A 1876, shekarar da Amurka ta cika ɗari da samun mulkin kai, aka buɗe gasar ga sauran ƙasashe, Sikotlan da Kanada da Ostareliya suka shigo, aka sa kofin da a ke kira Palma. Filin Creedmoor bai daɗe ba: gari ya matso kusa da shi, maƙwabta suka yi ta kukan harsashi, aka daina harbi, daga baya aka gina asibitin masu taɓin hankali a wurin.