Rafin Kildonan da Zinariyar 1869

A can arewacin ƙasar Sikotilan, cikin lardin Sutherland, akwai wani ɗan rafi da ake kira Kildonan, wanda yake gangarowa daga tuddai masu tsananin sanyi har ya faɗa kogin Helmsdale. Ko da yake ƙarami ne, tarihin da ya auku a bakinsa ya isa mai hankali ya tsaya ya yi nazari.

Tun zamanin da, manoma masu harshen Gelik ne ke zaune a wannan kwari, suna noma, suna kiwon shanu, suna biyan haya ga gidan sarautar Sutherland. Amma daga 1813 zuwa 1819, da masu ƙasa suka lura cewa tumaki sun fi talakawa kawo riba, sai aka tashe su daga gonakin kakanninsu, waɗansu aka kora su bakin teku su koyi kamun kifi, waɗansu kuwa suka yi hijira zuwa Kanada, inda suka sha azabar hunturu a Churchill kafin su isa Red River. Har yau akwai unguwa mai suna Kildonan a birnin Winnipeg da ke bakin Red River. Wannan korar, a ganina, zalunci ne bayyananne, ko da doka ta halatta shi.

Bayan shekara hamsin, a 1868, wani ɗan asalin wurin, Robert Gilchrist, wanda ya daɗe yana haƙar zinariya a Ostareliya, ya komo gida, ya tace yashin rafin, Allah kuwa ya nufe shi da dacewa. Labari ya bazu cikin jaridu, kafin watan Afrilu na 1869 ya ƙare mutum wajen 600 sun hallara, suka kafa bukkoki, aka raɗa wa zangon suna Baile an Òr, wato garin zinariya. Basaraken Sutherland ya ɗora wa kowa fam ɗaya a wata, da ushirin abin da ya samu.

Sai dai masu tumaki da attajirai masu farautar barewa suka kai kuka, basaraken ya soke izini a ƙarshen Disamba 1869. Karo na biyu ke nan aka fitar da mutane daga kwarin saboda dabbobi. Yau zangon fili ne fetal, sai 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa da tasa suna tace yashi.