Shekarar da Rani Ya Ƙi Zuwa Amurka

A arewacin Amurka watan Yuni lokacin ɗumi ne, masara ta tsiro, an yi wa tumaki aski. Amma ran 6 ga Yuni, 1816, sai ga dusar ƙanƙara tana zuba a birnin Albani da ƙasar Maine. Tumakin nan da aka aske suka yi ta mutuwa don sanyi, shuka ta ƙone ƙurmus.

Manoma ba su karaya ba, suka sāke shuka. Sanyi ya komo cikin Yuli, ya kuma komo cikin Agusta, ya cinye abin da ya rage. Hatsi ya yi tsada ƙwarai, har iri ya gagari talaka. Mutane da yawa suka bar gonakin ubanninsu, suka yi ƙaura yamma, wajen Ohayo. Turai ma ta sha yunwa.

Ashe mafarin abin yana can nesa, a Indunusiya. Cikin Afrilu, 1815, dutsen Tambora ya yi aman wuta, hayaƙinsa ya bazu sama, ya rage ƙarfin rana. Sai bayan shekara ɗari masana suka gane haka.