Barolo

Barolo jar giyar inabi ce da ake haɗawa a garuruwa 11 na yankin Piemonte, arewa maso yammacin Italiya, daga inabin Nebbiolo kaɗai. Ta samu matsayin DOCG, wato matakin ƙoli na ingancin giya a dokar Italiya, a 1980. Doka ta wajabta a adana ta wata 38 kafin sayarwa, 18 daga ciki a gangar katako. Nau'in Riserva kuwa wata 62.

Dalilin jinkirin shi ne yawan sinadarin tanin, mai sa bauri irin na goro, wanda sai da shekaru yake laushi. Wasu masu haɗa ta tun shekarun 1980 sun rage baurin don a sha da wuri, amma masu tara ta kan kwantar da kwalaben a wuri mai sanyi da duhu shekara goma ko fiye.