Rikicin Tsufa da Tarihin Taimakon Gajiyayyu a Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama da yake kiran halin da wasu tsofaffi kan shiga idan ƙwaƙwalwa ta fara gazawa. Yakan ce rikicin tsufa ko gigin tsufa, ko kuwa ya ce wane ya koma yaro. Abin lura shi ne, duk waɗannan kalmomi suna jingina matsalar ga shekaru, ba ga cuta ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa wannan fahimta ta yi tasiri a kan tarihin taimako a ƙasar Hausa, musamman yammacin Zamfara, wato yankin Anka da Gummi da Bukkuyum. Sadaka da gudummawa sun daɗe suna isa ga lalurar da take da suna da wakili, suna tsallake wadda aka rufe a cikin ɗaki.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Malamai sun san wannan hali tun da daɗewa, domin Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5 sun ambaci wani matakin tsufa da mutum kan rasa sanin abin da ya taɓa sani. Haka kuma Suratul Isra'i aya ta 23 ta ɗora wa 'ya'ya haƙƙin haƙuri da iyaye idan girma ya kama su. Saboda haka tun farko nauyin ya faɗa a kan gida.

A tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa maza suke noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya, tsohon da ya rikice ba ya rasa tuwo. Amma aikin yau da gobe, wato wanka da wanki da ciyarwa da tsaron ƙofa kada ya fita ya ɓata, yawanci a wuyan mace yake: mata ko 'ya ko suruka. Karin maganar nan da ke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar ita ce dokar da take tafiyar da wannan hidima.

A wajen gida kuwa akwai zakka. A zamanin Daular Sakkwato manomi yakan fitar da dami ɗaya cikin goma na hatsin damina, sannan ga zakkar fid-da-kai da sadakar Juma'a. Sai dai a duba yadda masu lalura suke kai wa ga wannan alheri. Makafi da kutare da guragu sun zama jama'a masu tsari, har da sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare. Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya ba da labarin unguwa ta musamman da makafi suke zaune a birnin. Waɗannan suna iya taruwa, su yi bara, su kai kuka fada. Tsohon da ya manta sunan 'ya'yansa kuwa ba zai iya ko ɗaya ba, kuma kunya ba za ta bar iyalinsa su yi roƙo da sunansa ba, domin yin haka tamkar shelar cewa sun kasa riƙe mahaifinsu ne.

3.0 Zamanin Turawa da Bayansa

Bayan cin Sakkwato a 1903, Turawa sun narkar da zakkar hatsi cikin haraji, abin da ya rage na fakirai ya koma ga son ran mai bayarwa. Daga baya gandu ma ya soma rauni. Cin rani da aikin albashi suka janye samari, aka bar mata da tsofaffi.

A wannan ƙarni ne kuma likitoci suka ba wa lamarin suna. A 1906 Alois Alzheimer, wani likitan Jamus, ya bayyana cutar da ake kira da sunansa, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa wannan mantuwa. Da sunan ya tabbata sai ƙungiyoyin tara gudummawa suka biyo baya. An kafa ta duniya a 1984, kuma tun 1994 ake ware ranar 21 ga Satumba domin tunawa da masu cutar. A Nijeriya, binciken da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, wanda aka fara a 1992, ya tabbatar da cewa cutar tana nan a ƙasarmu, ko da yake adadin da aka samu a Ibadan ya yi ƙasa.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoba 1999, gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta kafa hukumar zakka da wakafi, aka mayar da tara zakka aikin hukuma. Wannan ci gaba ne, amma ba a rasa tsohuwar matsala ba: hukuma tana ganin wanda ya zo gabanta ne, ko wanda aka kawo sunansa.

4.0 Darasin Tungar Daji

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Tungar Daji tana cikin ƙauyukan da abin ya shafa, tare da Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Duza da Tungar Guru. Da likitocin sa-kai na MSF suka auna jini, suka faɗi sunan cutar da yawan waɗanda ta kama, sai taimako ya taso daga nesa. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen waɗannan ƙauyuka tsakanin 2010 da 2011. Bagega ma, da aka yi ta jinkiri a kanta, an share ta a 2013 bayan 'yan fafutuka sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi.

Ba ana kwatanta masifun biyu ba ne, domin kowace da nauyinta. Darasin shi ne, an ga abin da suna da ƙidaya da mai magana suke iya jawowa. Rikicin tsufa ya rasa duka ukun. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara daga wajen 2011 sun raba iyalai da yawa da gonakinsu. Tsohon da hanyar gida da inuwar da ya saba su ne ragowar abin da yake riƙe da shi, idan aka kai shi baƙon wuri sai ruɗewarsa ta ƙaru, wahalar mai jinyarsa ta ninka.

5.0 Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa Bahaushe bai taɓa rasa hannun bayarwa ba, hanyar isar da kyautar ce take da giɓi. Matar da ta bar sana'arta domin jinyar surukinta, idan ta rasa abin kai wa baki, ta shiga sahun mabuƙatan da Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa, ba sai an ƙirƙiro sabon hukunci ba. Abin da ya rage shi ne limamai da masu unguwanni su riƙa kai sunayen irin waɗannan gidaje ga masu rabon zakka cikin sirri, yadda ba za a tozarta kowa ba. Mu kuma manazarta harshe, aikinmu ne mu daidaita kalmar da za ta nuna cewa wannan cuta ce mai neman likita, ba hauka ba ce, ba kuma maita ba.