Asalin Kalma: Ihsani

Kalmar ihsani, wadda malamai suka aro daga Larabci, ta tsiro ne daga husni, wato kyau, tushen da ya haifi sunayen Hasan da Husaini. Hausa ma, ba tare da aro ba, daga kyau ta fitar da kyautatawa. A hadisin Jibrilu, na biyu cikin Arba'una ta Imam Nawawi, ihsani ne matakin da ke bin Musulunci da imani, ibadar da riya ba ta gurɓata ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya karantar cewa kyawun baɗini, wanda basira ke riska, ya fi wanda ido ke gani. Shi ya sa, a ganina, Bahaushe ba ya kiran zancen maƙaryaci kyakkyawa, kome ƙawarsa.