Makarantar Lahadi a gefen bariki: yadda koyarwar Kirista da Hausa ta kafu a arewacin Kaduna

Abakpa unguwa ce a Kaduna da ta tashi a gefen bariki. Tana maƙwabtaka da Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa, kuma tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja, NDA, wadda aka buɗe a 1964, yana nan kusa da ita. Saboda haka duk mai neman asalin koyar da yara da sababbin tuba tushen bangaskiyar Kirista a wannan yanki, sai ya fara da soja da leburan reluwe da masinjan ofis. Su ne suka zo da abin, tun kafin a sami fastoci masu kwala a wuya.

Kaduna kanta ba tsohon birni ba ce. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. In ka ɗebe Gbagyi da aka tarar, kowa baƙo ne. Aikin soja ya jawo Bachama daga Numan, Angas da Tarok daga Filato, Tibi daga Binuwai, Bura da Margi daga kudancin Borno. Ba wanda yake jin yaren wani. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ciniki, da ita matan sojoji suke gaisawa a bakin famfo, da ita kuma 'ya'yansu suka buɗe baki.

Da yawa cikin waɗannan mutane sun riga sun zauna a gaban malami a ƙauyukansu. Mishan ɗin SUM ta fara aiki a Wase a 1904, 'yan Lutheran na Denmark suka sauka Numan a 1913, 'yan Brethren na Amurka suka kafa sansani a Garkida a 1923. Da yake gwamnatin Turawa ba ta sakin hannu wajen ba da izinin buɗe cikakkiyar makaranta, sai mishan suka dogara ga ƙananan azuzuwan koyar da addini da ake kira CRI. A nan mai bishara ɗaya, wanda shi ma karatunsa bai yi nisa ba, yake koyar da baƙi da wasali, sannan ya ɗora labaran Littafi Mai Tsarki a kai. Makarantar Lahadi da Robert Raikes ya yaɗa a Ingila tun wajen 1780 ma haka ta faro, karatu da addini a kwano ɗaya, don 'ya'yan talakawa.

Abin da ya ba wannan aiki ƙafa shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna Zariya tun 1905, ya ɗauki kaso mafi nauyi a cikinsa. Da shi da Littafin Waƙoƙi, mutum yana iya tara iyalinsa da na maƙwabta a tsakar gida ya zama malami. Haka aka yi ta yi.

Sai dai Kaduna ta kawo wata matsala da ƙauye bai sani ba. Majami'un da suka riga suka kafu a garin galibi na mutanen Kudu ne, ana sujada da Turanci ko Yarabanci ko Ibo. Kirista ɗan Arewa yakan shiga ya zauna, ya fito bai ƙaru da kome ba, balle ɗansa. Daga wannan buƙata ce masu bi na ikkilisiyoyi daban-daban suka haɗa kai suna sujada da Hausa a shekarun 1950, taron da ya girma ya zama Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, HEKAN, mai hedikwata a Titin Katsina, ba nisa sosai da Abakpa. Zamani ne na tsayuwa da ƙafa: ikkilisiyoyin da mishan ɗin SIM ta haifa sun zama ECWA a 1954, waɗanda suka fito daga SUM da Brethren kuma suka kafa tarayyarsu a Randa a 1955, wadda yau ake kira TEKAN.

A nan ne nake ganin darajar abin da aka yi a Kaduna, kuma ba a cika faɗarsa ba. Iyayen da suka zauna benci ɗaya ba koyarwa ɗaya suka taso da ita ba. Mutumin Numan an yi masa baftisma yana jariri, ya haddace ƙaramin katikizim na Luther. Mutumin Garkida bai san a yi wa jariri baftisma ba. A wurinsu sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa, sannan a nutsar da shi sau uku cikin ruwa. Batibe kuwa ya fito daga gidan da ake ji da katikizim na Heidelberg. A Turai irin wannan bambanci ya raba mutane ɗaruruwan shekaru. A Kaduna malami ɗaya aka miƙa wa 'ya'yansu duka, ba shi da damar tsayawa gardama. Dole ya nemi abin da kowane uba zai ji a bakin ɗansa ya yarda: Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da labarin Yesu Almasihu daga haihuwa zuwa tashi daga matattu.

Har yau haka safiyar Lahadi take a majami'un Hausa na wannan gefe. Yara sukan riga manya isowa, a raba su bisa shekaru, ƙanana a baranda, manya a wani lungun ɗakin sujada. Malama ta ɗaga hoto, ta ba da labari, ta faɗi ayar haddacewa gaɓa-gaɓa, aji ya amsa da ƙarfi har sai ta zauna. Yaro ya kwance kuɗin baiko da uwarsa ta ƙulle masa a bakin hankici. Idan an koma gida, uba zai tambaye shi ayar yau kafin a zuba abinci.

Ajin baftisma ya fi wannan nauyi. Masu neman baftisma, samari da 'yan mata da sababbin tuba masu furfura, sukan yi watanni suna zuwa da yamma. A ƙarshe mutum ya zauna gaban fasto da dattawan ikkilisiya su yi masa tambayoyi: me ya sa kake so, wane ne Yesu a gare ka, mene ne Jibin Ubangiji? Ba haddar kaɗai ake dubawa ba. Dattawa sun riga sun san zamansa da matarsa da maƙwabtansa, kuma wanda aka ga bai nuna ba, sai a ce ya ƙara jira.

Mata ne suka riƙe mafi yawan wannan aiki. Zumuntar Mata ta koya wa amaren sojoji da dama karatu don su iya buɗe Littafi da kansu. Da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya bazu daga 1964, sababbin tuba suka ƙaru, azuzuwa suka cika. A ɓangaren Katolika, inda Kaduna ta zama babbar dayosis a 1959, katikis ne ke shirya yara don karɓar Jibi na farko, kuma cibiyar horar da su da ke Malumfashi ta yi wa masu jin Hausa hidima sosai.

Rikicin 2000 da na 2002 sun yi wa wannan gado mummunan rauni. An kashe Musulmi da Kirista, an ƙona masallatai da majami'u, garin ya rabu a kan kogin da ya ratsa shi. Iyalan Kirista masu yawa sun tattara sun ƙetare kudu zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, da malamansu da yaransu. Waɗanda suka zauna a arewa ba su rufe aji ba, ko da benci ya yi musu yawa.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne harshe. Iyaye da dama sun fi son a koyar da Turanci, suna ganin shi ne ci gaba, alhali yaron da Hausa yake wasa, da ita yake kuka. Yakan haddace ayar tsaf, amma tambaye shi ma'anarta, sai ya yi shiru. An sabunta fassarar Littafi Mai Tsarki a 1979 don ta fi sauƙin fahimta, amma littattafan darasi na yara da Hausa sun yi ƙaranci, malaman kuma 'yan sa kai ne da ba kasafai ake horar da su ba. Ikkilisiyar da ta iya zuba miliyoyi a ginin bene da na'urar sauti ba ta da hujjar barin malamar Makarantar Lahadi tana sayen alli da kuɗin cefanenta.